Tantanin Baƙin Ido: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarfinsa da Abin da Ke Raunana Shi

Duk ranar da muka fita duba ido a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Gumel, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Uwa ta zo da yaro mai jajayen idanu, manomi ya zo da tsumma ɗaure a fuska bayan sussuka, dattijo ya ce shi fa lafiyarsa ƙalau, don me aka hura masa iska a ido. Da na zauna na tattara su, sai na ga rabinsu wuri guda suke komawa: siririn tantanin nan da ke rufe baƙin ido, da yadda yake ɗaukar ja da matsi. Na rubuta amsoshin yadda nake ba da su a bakin asibiti, na ƙara da abin da tsawon layi ba ya barin mutum ya tsaya ya faɗa.

Wane tantani ne wannan? Ni baƙin ido da farin ido kawai na sani.

Ka sa ɗan'uwanka ya kalli gabas, kai kuma ka tsaya ta gefensa ka dubi idonsa. Za ka ga wani abu garau ya ɗan taso a gaban baƙin idon, kamar murfin agogon hannu. Shi ne tantanin, likitoci na ce masa koniya. Baƙin da kake gani na bayansa ne, shi ba shi da launi ko kaɗan. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa a tsakiya kuwa ɗan sama da rabin milimita, ya ɗan fi haka ta gefe inda ya haɗu da farin ido.

Shi ne ƙyauren ido, kuma shi ke lanƙwasa haske. Kusan kashi biyu cikin uku na tattara hasken da ido ke yi a nan ake yin sa, ƙwayar da ke can ciki, wadda yanar ido ke kamawa, ta ƙarasa sauran. Don haka in siffarsa ta ɗan karkace, ko da ba a lura daga waje, gani ya dame. Babu jijiyar jini a cikinsa, iskar da yake bukata ta hawaye yake samu. Jijiyoyin jin zafi kuwa sun cunkushe a cikinsa fiye da ko'ina a jiki, shi ya sa ƙwayar rairayi guda take sa ƙato kuka.

Abin da bai fi rabin milimita ba, ina ya samo ƙarfi?

Daga saƙa. Kusan kashi 90 cikin 100 na kaurinsa zare ne na kolajin, sinadarin da ke cikin fata da jijiya da ganda. Zaren a shimfiɗe suke hawa-hawa, sama da hawa 200, kowane hawa zarensa na kallon wata fuska dabam, kamar ka ɗora tabarmi kana juya kowace. Duk ta inda aka ja, akwai zaren da zai tare. A tsakiya sun fi yawa ta hanya biyu, daga sama zuwa ƙasa da daga hanci zuwa kunne; a baki-baki kuma sun zagaye shi kamar yadda ake naɗe bakin kwando. Hawan da ke gaba sun sarƙe da juna, na baya a jere kawai suke, saboda haka gaban ne ya fi ƙarfi.

Tsakanin zaren akwai wani abu mai yauƙi da ke riƙe ruwa, har kusan kashi 78 cikin 100 na nauyin tantanin ruwa ne. Farin ido ma kolajin ne, amma zarensa a hargitse suke, manya da ƙanana, haske ba ya ratsawa. Na tantanin sirara ne, kai ɗaya, tazararsu daidai wa daida. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a tambayar hakiya.

To wa ke jan sa? Ido ai a zaune yake.

Ruwan cikinsa. Ido na samar da wani ruwa garau ba dare ba rana, yana kuma tsiyayar da shi ta wata 'yar magudana a kusurwar da tantanin ya haɗu da baƙin ido. Ruwan ne ke cika ƙwayar ido ta yi tauri, kamar salkar da aka ɗura wa ruwa. Fatar cikakkiyar salka a ɗame take ta ko'ina ko ba wanda ya ja ta, haka tantanin yake tun daga haihuwa har kabari. A ma'aunin likitoci matsin mai lafiya yana tsakanin 10 da 21, yawancin mutane wajen 15 ko 16. Ƙiftawa na ɗan ɗaga shi, runtse ido da ƙarfi na ɗaga shi sosai. Abin da ake kira hawan jinin ido, wato gulukoma, da matsin wannan ruwan yake da alaƙa. Ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a damtse ba.

Kenan kamar roba yake, a ja ya miƙe, a saki ya koma?

Rabin gaskiya ke nan. Danƙon harbin tsuntsu kana sakinsa yake komawa. Zuma kuwa, ka tsoma cokali a hankali ya nutse, ka fizge shi ta riƙe, kuma ba ta saurin komawa yadda take. Tantanin ido ya haɗa halin biyun: zaren kolajin su ne robar, yauƙi da ruwan da ke tsakaninsu su ne zumar. Masana na da dogon suna na wannan hali, ni a bakin asibiti "roba da zuma" nake cewa, kuma ban ga wanda bai gane ba.

In an ja shi farat ɗaya sai ya yi tauri. In an ja a hankali sai ya ba da kai, domin ruwan ya sami lokacin matsawa, zaren kuma sun ɗan zame kan juna. In an sake shi zai koma, amma da jinkiri, ya kuma shanye wani kaso na ƙarfin da aka sa masa. Akwai kuma abin da ya fi burge ni. A zaune zaren a ɗan lanƙwashe suke, kamar zaren da aka warware daga tsohuwar hula. Farkon ja, lanƙwasar ce kawai ke miƙewa, tantanin ya zama kamar mai laushi. Da zarar sun miƙe sambal sai ya turje, taurinsa ya ninka. Ƙaramin motsi ya bi shi, babban matsi ya tokare shi.

Na ji kuna cewa yana "saki", wani lokaci kuma "miƙewar sannu". Ba abu ɗaya ba ne?

Tagwaye ne, amma kowa da sunansa. Ki dubi sabuwar igiyar shanya. Kin rataya jiƙaƙƙen bargo da safe, nauyinsa ma raguwa yake yi, amma kafin azahar igiyar ta yi ciki ta sauko. Nauyi bai ƙaru ba, tsawo ya ƙaru: miƙewar sannu ke nan. Saki kuwa na makaɗi ne. Ya ɗame sabuwar fata a bakin ganga, ya ɗaure, bai ƙara taɓawa ba. Bayan kwana biyu amon ya faɗi, sai ya sake ɗamewa. Fatar tana inda aka ɗaure ta, ƙarfin jan ne ya sauka.

Tantanin ido na yin duka biyun, kuma yawancin sakin a mintocin farko yake faruwa, daga nan ya lafa. Kar hankalinki ya tashi. A ido mai lafiya ba ya ta miƙewa kamar igiyar shanya, domin rayayye ne, akwai ƙwayoyin halitta tsakanin zaren da ke kula da saƙar. Matsala ta hanya biyu take shigowa: ko matsi ya wuce kima a kan tantani ɗanye, kamar a tambayar jaririya da ke tafe, ko tantanin ya sirance ya kasa ɗaukar matsin da ya saba, kamar a tambayar yaro mai canza tabarau da ta ƙaiƙayin gero.

A ina aka auna duk wannan, tunda ba za a ja idon mai rai ba?

A ɗakin gwaji, da tantanin mamatan da aka ba da kyauta amma bai dace da dashe ba, da na dabbobi irin su alade da zomo da saniya. Tsohuwar hanya ita ce a yanko siririn yanki, a maƙala bakinsa biyu a na'ura, tana ja tana rubuta ƙarfi da tsawo. A tsayar da tsawon a ga ƙarfi na sauka, saki ke nan. A tsayar da nauyin a ga tsawo na ƙaruwa, miƙewar sannu ke nan. Sukan ja su saki sau da dama kafin su fara rubutu, don jan farko ba ya kama da na biyar.

Hanyar na da aibi, masu yin ta ma sun sani. Abin da ke kife kamar ƙoƙo an miƙar da shi, an yanke zaren gefe, ana jan sa ta fuska guda alhali a ido ta ko'ina ake ja. Shi ya sa wasu suka koma ɗaure tantanin ɗungurungum a bakin bututu, su ɗura ruwa ta baya, su auna yadda yake tasowa, abin da ya fi kama da salkar da muka ambata. Ga batun danshi: wanda ya ɗan bushe ya fi tauri, wanda ya sha ruwa ya fi laushi. Lambobin da ake bugawa sun yi nisa da juna ƙwarai. Duk wanda ya kawo maka lamba guda ya ce ita ce taurin tantanin ido, tambaye shi na wa, ɗan shekara nawa, ta wace hanya, da wane sauri aka ja.

Jaririyata dara-daran idanu gare ta, kowa na yabawa, amma tana yawan hawaye tana gudun haske. Akwai damuwa?

Akwai, 'yar'uwa, kuma wannan ba ta jiran a gama aikin gona. Wani jaririn da magudanar ruwan idonsa a toshe ake haihuwarsa, matsi ya hau. Da babba ne, saƙarsa ta riga ta nuna, idon ba zai ƙara girma ba. Kolajin jariri kuwa ɗanye ne, har wajen shekara 3 yana ba da kai, sai ƙwayar idon gaba ɗaya ta riƙa miƙewa a hankali, baƙin ya yi faɗi. Faɗin tantanin sabon haihuwa wajen milimita 10 ne. In ya wuce 12 kafin a cika shekara, likita zai tashi tsaye. In jan ya yi yawa, wani siririn hawa da ke bayan tantanin yakan tsage, ruwa ya kutsa, idon ya yi hazo kamar madubin da aka hura wa numfashi.

Na taɓa ganin wata da kakarta ta yi ta gardama, wai idon gidansu ne, haka na ubanta yake. Da muka buɗe taga haske ya shigo, yarinyar ta cusa fuska a ƙirjin uwar tana tsala kuka. Kakar ta yi shiru. Maganin wannan aiki ne, a babban asibitin ido. Girman da idon ya riga ya yi ba ya komawa yadda yake, amma ana iya ceton ganin in an zo da wuri.

Sosa ido fa? Yaro na fama da ƙaiƙayi, in bai murza ba ba ya samun sauƙi.

Ƙaiƙayin nan da ke kama yara, musamman maza, lokacin zafi da ƙura, har farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, mun san shi sarai. Ya yi yawa a ƙasashe masu zafi da bushewa irin tamu. Azaba ce ke sa yaron murza, ba taurin kai ba. Amma ka kalli yadda yake yi: ya dunƙule hannu, ya sa gaɓar yatsa, ya danna yana juyawa. A wannan lokacin matsin cikin ido na ninkawa, tantanin na lotsawa yana tasowa, hawa na gogar hawa. Murza ɗaya ba komai, zumar ta shanye. Murza ɗari a yini har shekara biyar wani zance ne, ga kumburin da ke tare da ƙaiƙayin shi ma na sakin sinadarai masu cin kolajin.

Duka ba ya hanawa, sai an kashe ƙaiƙayin: tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora kan ido a rufe, wanke fuska in an dawo daga kiwo, da ɗigon da likita ya rubuta. Na ce wanda likita ya rubuta, don akwai ɗigo mai sinadarin sitiroyid, irin su dezametason, da ake saya a kemis. Yana kashe ƙaiƙayi kamar yankan wuƙa, iyaye su yi ta saye wata da watanni. A wasu yaran yana ɗaga matsin ido har jijiyar gani ta mutu, ba zafi ba alama.

Ɗana shekararsa 15, duk shekara sai an canza masa tabarau kuma ba ya gamsuwa. Me ke faruwa?

Abu na farko da zan so a duba shi ne siffar tantaninsa. Akwai cutar da ake kira keratokonas, inda wani wuri a tantanin, galibi ɗan ƙasa da tsakiya, yake sirancewa ya yi rauni. Mai faci ya san wannan. Taya in ta ci ta gefe guda, iskar ciki ba ta ƙaru ba, amma wurin zai yi ƙululu, kuma da ya fito, nan zai ci gaba da fitowa. Matsin idon yaron daidai yake, bangon ne ya gaza. Sannu a hankali tantanin ya tashi daga siffar ƙoƙo ya koma mai tsini kamar malfa.

Yakan fara wajen balaga, ya ci gaba har shekara talatin da wani abu, sannan ya lafa. Ido biyu yake kamawa, ɗaya ya fi ɗaya. Fitila guda ta zama da yawa ko ta yi jela da dare, yaro na ƙanƙance ido kafin ya karanta allo, tabarau na bara ya daina aiki. Yana bin jini a wasu gidaje, kuma abokin tafiyarsa shi ne ƙaiƙayi da murza da muka gama magana a kai. Gwajin karanta haruffa kaɗai ba ya kama shi da wuri. Na'urar da ke zana taswirar tudu da kwarin tantanin za a nema. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, da na Makka, da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ka sa a tambayo maka inda ake wannan gwajin kafin ka biya kuɗin mota.

In ya riga ya yi rauni, ana iya ƙara masa ƙarfi?

Ana iyawa, kuma wanda ya taɓa zama wurin majema nan da nan zai gane aikin. Ɗanyar fata tana miƙewa, tana ruɓewa. Majemi ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, sinadarin bagaruwar ya shiga tsakanin zaren kolajin ya ɗaure su da juna, fata ta jemu. A birnin Dresden na Jamus, Theo Seiler da Eberhard Spoerl da Gregor Wollensak suka samo hanyar yi wa tantanin mai rai abin da ya yi kama da haka, suka buga sakamakon marasa lafiyarsu na farko a 2003. A tsarin da aka saba, ana kankare fatar saman tantanin, a yi ta ɗiga ribofilabin, wato bitamin B2, na minti 30 har ya jiƙa, sannan a haska shi da wani haske na musamman na wani minti 30. Hasken da bitamin ɗin su ƙulla sababbin ɗauri tsakanin zaren. A gwajinsu na ɗakin bincike, taurin tantanin mutum ya ninka fiye da sau uku. Amurka ta amince da aikin a 2016.

Iyaye su ji abu biyu. Aikin tsayar da cutar yake yi, ba ya mayar da malfa ƙoƙo. Yaron zai ci gaba da bukatar tabarau, ko ɗan gilashi mai tauri da ake ɗorawa kan ido. Sannan a wancan tsarin sai kaurin tantanin ya kai maikuron 400, wato milimita 0.4, don kada hasken ya illata ƙwayoyin da ke bayansa. Wanda ya zauna har ya sirance ƙwarai ko ya yi tabo, zancensa ya koma na dashe. Tun 1905 wani likita, Eduard Zirm, ya yi dashen tantani cikin nasara, amma a ƙasar nan har gobe samun tantanin da za a dasa shi ne wahalar.

Me ya sa cutar ke lafawa in mutum ya manyanta?

Shekaru ma majema ne. Da tafiyar lokaci zaren kolajin na ƙulla ɗauri da junansu, don haka tantanin ɗan shekara 70 ya fi na ɗan 20 tauri. Juna biyu kuwa na iya sassauta shi, saboda haka mace mai keratokonas ta faɗa wa likitan ido in ta sami ciki.

Me ya haɗa kaurin tantani da awon hawan jinin ido?

Ba a zura ma'auni cikin ido, daga waje ake dannawa, kamar yadda kake danna tayar keke da babban yatsa. Na'urar da aka fi yarda da ita, wadda Hans Goldmann na ƙasar Suwizalan ya ƙera a shekarun 1950, tana danna tsakiyar tantanin har ta baje da'ira mai faɗin milimita 3.06, ta auna ƙarfin da hakan ya ci. Amma yatsanka ba iska kaɗai yake ji ba, har da taurin tayar. Tantani mai kauri na sa awo ya fito sama da gaskiya, siriri na sa ya fito ƙasa da gaskiya.

Nan abin ya shafe mu. A jimlace tantanin baƙar fata ya ɗan fi na Turawa sirantaka, gulukoma kuma ta fi kama mu da wuri, ta fi tsanani. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya gano cewa siririn tantani shi kansa alamar haɗari ne. A binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, gulukoma ce ta biyu bayan yana wajen jawo makanta, ita ce sanadin makantar kusan 1 cikin kowane makafi 6 da suka kai shekara 40. Don haka, Baba, in an ce awonka 18 ne, lafiya lau, amma mahaifinka ya makance ba tare da yana ba, ka roƙa a leƙa jijiyar ganinka, a kuma auna kaurin tantanin in da hali.

Na'urar da ke hura iska a ido fa, me take nema?

Yawancinsu matsi kawai suke aunawa, iska ce ta maye gurbin yatsa. Amma akwai wata mai suna Ocular Response Analyzer da ta fito a 2005, ita zumar kanta take aunawa. Iskar ta tura tantanin ya baje, ya lotsa ciki, ya dawo ya sake bajewa kafin ya koma siffarsa, duk kafin ka ƙifta. Na'urar na rubuta matsin iskar a bajewar tafiya da ta dawowa. Da roba ce zalla, da lambobin sun zo ɗaya. Ba sa zuwa ɗaya, saboda jinkirin nan da aka bayyana a tambayar roba da zuma. A ido mai lafiya tazarar wajen 10 ko 11 ce. Tana raguwa a keratokonas, kuma masu gulukoma da tasu ta yi ƙasa sun fi saurin rasa gani. Awon iya shanye bugu ne, ko da yake har ma'aikata na rikita shi da awon tauri. Ba za ka same ta a asibitin ƙauye ba, kuma rashinta ba ya hana a kula da gulukoma yadda ya kamata.

Ƙaiƙayin gero ko tsinken kara ya faɗa mini ido lokacin girbi. Zan iya jira zuwa ranar kasuwa?

A'a, Malam. Fatar saman tantanin na warkewa da sauri, ƙaramar ƙujewa kwana ɗaya zuwa uku ta rufe. Amma abin da ya fito daga tsiro yakan shigo da funfuna da sauran ƙwayoyin cuta. In suka sami ƙofa suka shiga saƙar, su da sojojin jikin da suka zo yaƙarsu duka narkar da kolajin suke yi. Gyambo na zurfi, hawa na raguwa, matsin ciki kuwa na nan yadda yake. Kayan da hawa 200 ke ɗauka ya koma kan 'yan ƙalilan. Sai ka ga ɗan ƙululu garau a tsakiyar gyambon, hawan ƙarshe ke nan ya turo. Tari ko atishawa ko murza guda ya ishe shi ya fashe, ruwa mai ɗumi ya gangaro kumatu, zafin ya ragu, mutum ya zaci sauƙi ya samu.

Ka wanke da ruwa mai tsabta, kar ka murza, kar a sa harshe ko tsinke a ciro. In gari ya waye da zafi, da ja, da gudun haske, ko ɗigon fari a kan baƙin ido, ka kama hanya a ranar. Kada a ɗiga nono, ko ruwan suga, ko fitsari, ko ruwan ganye. Na ga idanu da raunin farko bai yi musu rabin abin da maganin gida ya yi ba. Ɗigon sitiroyid da na ambata a tambayar sosa ido kuwa, a kan gyambon funfuna taki ne.

Hakiya tana fita da magani? Me ya sa wani idon mai hakiya yake turowa waje?

Hakiya tabo ce, ba abin da ya kwanta kan ido ba ne da za a share. In rauni ya wuce fatar sama ya taɓa saƙar, jiki na cike gurbin da kolajin, amma ɗinkin gaggawa yake yi, zare a hargitse irin na farin ido, sai haske ya daina ratsawa. Siririya takan ɗan washe da shekaru, musamman a yara. Mai kauri babu ɗigon da ke cire ta. Kar a haɗa ta da yana, wadda ke can ciki bayan baƙin ido.

Tabon bai kai asalin saƙar ƙarfi ba. In ya yi faɗi ya yi siriri, matsin ciki na tura shi shekara da shekaru har ya fito kamar ɗinya, fatar ido ta kasa rufe shi. Miƙewar sannu ke nan a mafi munin kamarta. A ƙauyukanmu, bayan gyambon girbi, ƙyanda ce tare da ƙarancin bitamin A ta fi kai yara nan, don tana iya narkar da tantanin yaro cikin 'yan kwanaki. Dundumi a yaro shi ne gargaɗin farko. Rigakafin ƙyanda, da bitamin A da ake ɗiga wa yara a baki, da zogale da manja da mangwaro su ne kariya. Manya kuwa amosanin ido ne, inda gashin ido ke juyawa ciki yana gogar tantanin da kowace ƙiftawa. Tsige gashin ba ya ƙarewa, aikin mayar da bakin fatar waje kuma ba ya kai sa'a guda.

An ɗinke mini tantanin bayan rauni. Yaushe za a cire zaren, yaushe kuma zan koma gona?

Zaren ya fi gashin kai sirantaka, kuma ana barinsa ya daɗe, don wurin da babu jini a hankali yake haɗewa. Na rauni yakan yi watanni, na dashe shekara ko fiye. Farko-farko gani zai karkace, saboda kowane ɗinki na jan tantanin ta wajensa. Da naman ya saki, irin sakin fatar ganga, jan ya ragu, siffar ta zauna. Shi ya sa likita ba ya gaggawar rubuta tabarau, wani lokaci ma yakan cire zare ɗaya ya bar sauran don ya daidaita jan. In ka ji kamar tsakuwa a ido, ga ja ga kwantsa, mai yiwuwa wani zaren ne ya kwance; a cire shi ba ɓata lokaci, yana tara ƙwayoyin cuta.

Wurin ɗinkin ba ya komawa ƙarfinsa na da, ko bayan shekara 10. Ranar komawa aiki wanda ya ɗinka ne zai yanke, amma a makonnin farko ka bar wa yara ɗaukar buhu da jan guga da faskare, ka riƙa kwana da murfin da aka ba ka. In ka koma sussuka ko fasa dutse, ka sa tabarau mai rufe gefe. Wani dattijo da aka ɗinke wa ido bayan sansa ya kai masa ƙaho ya dawo mana wata shida daga baya sanye da irin na 'yan acaɓa. Ya ce jikansa ne ya ba shi aro, kuma ba shi da niyyar mayarwa.